Takalmin da Na Kai wa Uwar Toka

Da sunan Wanda ya kafa duwatsu ya danne ƙasa da su, ya ɓoye ruwa a cikin waɗansu, ya ɓoye wuta a cikin waɗansu. Ku matso ku saurara, masu takalmi da marasa shi. Ni ne Mantau ɗan Arzika, baduku jikan baduku, mutumin birnin Gwalabe, wanda ya ga dutse yana iyo a kan ruwa, ya ci tuwon da ƙasa ta dafa, ya leƙa bakin Uwar Toka ya dawo da rabin gemu. Ba zinariya ta fitar da ni daga gida ba, ba kuma sarauta ba. Takalmi ne.

Mahaifina Arzika shi ne Sarkin Dukawan Gwalabe. Da tsufa ya kama shi, hannunsa ya soma rawa, ya ajiye basilla, rumfa ta dawo hannuna. Ni kuwa, ba yabon kai ba, in na ɗinka takalmi sai an tsaya kallo. Da ido nake awo: in dubi ƙafar mutum sau ɗaya, in ɗauki wuƙa in yanka fata. Tsoho a zamaninsa sai ya durƙusa, ya ɗora ƙafar mai saye a kan cinyarsa, yana lallatsa ta kamar mai zaɓen gwanda a kasuwa. Ni dai ina ganin wannan zubar da girma ne. Ɗan Sarkin Dukawa guda, ya riƙa rungumar ƙafar kowane mai faso?

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Tsohon nan bai taɓa sa takalmina ba. Na ƙarshen da ya ɗinka wa kansa ya cinye, ya koma yawo ƙafa a ƙasa. In ɗinka masa sabo in kai, ya jujjuya shi, ya ce, “Ya yi kyau, Mantau. Rataye shi can.” Har bangon zaurensa ya cika. A kasuwa kuwa mahauta, abokan wasanmu, ba su raga mini: “Ga Sarkin Dukawa can yana tsallen ƙaya!” Abin yana cina ƙwarai. In na tambaye shi me ya rage, sai ya ce, “Na nuna maka tun kana yaro, ka ce ka gani.”

Na yanke a raina cewa raina aikina yake yi, yana ganin ado ne kawai babu ƙwari. Ana nan sai wani falke ya zauna a rumfata yana ba da labarin Uwar Toka, dutsen nan mai aman wuta da ya yi suna har bayan teku, wanda duk takalmin da ya taka kansa sai ya ƙone. Tsam na miƙe! Na nemo ƙirgin ɓauna da fatar kada da ta karkanda, na haɗa su hawa bakwai, na ɗinke da jijiyar raƙumi. Na je na durƙusa gaban tsoho na ce, “Baba, zan hau Uwar Toka da wannan. In ya je ya dawo, za ka sa?”

Ya ce, “Allah ya kai ka, ya dawo da kai. Ka tafi da basillarka.”

Na bi ayari muka nausa gabas. Muka ratsa ƙasar da yashinta ja ne, muka ratsa dajin da itatuwansa ke zubar da ruwa ko ba hadari, har fatake suka juya suka bar ni a bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa. Nan na fara ganin abin mamaki. Duwatsu ne farare, manya da ƙanana, suna ta yawo a kan ruwa. Na ɗauki ɗaya mai girman tulu, na ji shi sakayau kamar ƙwarya. Masu fito sun ɗaure irinsu da igiya sun yi kwalekwale. Na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani, mai fito yana ta dariya. Ya ce, “Baƙo, kwantar da hankalinka. Kumfar bakin Uwa ce ta daskare. Ba ta nutsewa.”

Muna tsakiyar tafki hazo ya yaye, sai ga ta! Dutse baƙi wuluk, shi kaɗai, ya tokare sama, ƙasansa kore shar da gonaki, kansa yana fitar da farin hayaƙi a hankali. Na tashi tsaye ina ihu, “Ga ni nan! Ga Mantau ya zo!” Saura kaɗan in kifar da mu.

Garin da ke gindinta sunansa Ɗumama. Mutanensa ba su san itacen girki ba. Kowane gida da raminsa a tsakar gida, mace ta zura tukunya a ciki ta rufe, ta tafi harkarta, ta dawo ta tarar da abinci ya nuna. Tsuntsayensu ma ba su kwanci, sai su binne ƙwai a toka mai ɗumi su yi gaba, ƙasa ta ƙyanƙyashe musu. Na ci tuwonsu har na nemi ƙari, ko da yake yana ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, kamar komai na garin.

Ba a hawa dutsen sai da izinin Sarkin Hawa. Aka kai ni gabansa. Sunansa Badaro, gajere ne kakkaura mai yawan dariya, ana gaishe shi a durƙushe. Da gari ya waye ya kai ni inda hanya ta fara. Akwai wata busasshiyar bishiya a wurin, rassanta cike da takalma iri-iri, na baƙin da suka zo daga ko'ina.

Ya ce, “Ɗan'uwa, tuɓe naka ka rataye. In mun sauko ka ɗauka.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai saboda shi na zo.”

Ya ce, “Mu nan ba mu hawa da takalmi. Uwa tana magana, amma ta ƙasa take yi. Inda ta yi kauri, inda ta yi ɓawo, inda take shirin tsagewa, duk da tafin ƙafa ake ji. Wanda ya sa takalmi ya toshe kunnensa.”

Na ba shi labarin tsoho da bangon zaure. Ya sosa ƙeya, ya ƙwanƙwasa takalmin da yatsa, ya ce, “Kai, wannan ai ƙofar gari ce! To, ba mu tilasta wa baƙo. Amma sharaɗi ɗaya: inda na ɗaga ƙafa, nan za ka sa taka.” Na rantse masa, muka kama hanya, shi da gora da igiya da 'yar fitila, ni da salkar ruwa da jakar kayan aikina.

Da muka wuce gonaki muka shiga wani fili na baƙin gilashi, duk ya farfashe, kowane ɓari da kaifin aska. Badaro yana tafiya a hankali, yana zaɓen wurin sa ƙafa. Ni kuwa sai ƙaras, ƙaras, ina murƙushe su kamar mai taka ɓawon gyaɗa. Daɗi ya kama ni. Na ce, “Ranka ya daɗe, ko in goya ka?” Ya ce, “Yi ta cika baki, hanya da sauran tsawo.”

Daga nan muka gangara wani kwari da suke kira Kwarin Barci. Shiru, ba tsuntsu ba ƙwaro. Badaro ya kunna fitilarsa da rana tsaka, ya ɗaura ta a igiya, ya sake ta tana lilo daidai gwiwarsa. Ba mu yi nisa ba ta mutu fat. Ya ce, “Ka gani? Akwai muguwar iska kwance a nan kamar ruwa, ba a ganinta. Yau ta kai gwiwa. Ɗaga kanka sama, kome ya faɗi kada ka sunkuya.” Na ce to. Muna tsakiyar kwarin sai maɗaurin takalmina ya kwance. Hannun baduku ba ya shawara da kai, kafin in tuna har na duƙa. Na ji wani barci mai daɗi ya lulluɓe ni, ƙasa tana kirana. Sai na ji an finciko wuyan rigata ta baya, an ɗaga ni ana jijjigawa. Badaro ne, yana huci: “Takalmin nan da kai, wa ya haifi wani?” Haka na fita daga kwarin ina jan ƙafa ɗaya, hancina yana kallon sama.

Sai hawa na gaske. Toka tana zamewa, in ka yi gaba ta maido ka baya. Gajimare ya rufe mu, muka ratsa shi, muka fito ta samansa. Ni Mantau, ga ni a kan gajimare! Ƙasa tana gurnani a ƙarƙashinmu, iska tana kaɗa mu. Muka rarrafa har baki, muka kwanta rub da ciki, muka leƙa.

Jama'a, na ga maƙera, na ga gobarar daji, duk wasan yara ne. Rami ne da zai haɗiye Gwalabe da ganuwarta da gonakinta. A can ƙasa wani tafki ne na narkakken dutse, ja zur, yana tafasa yana juyawa, baƙin ɓawo yana taruwa a kansa yana tsagewa. Can sai ya kumbura ya fashe, ya watsa wuta sama, ta zubo kamar ruwan zinariya. Gefen ramin duk rawaya ne da farar wuta. Na rasa abin faɗa sai “Allahu Akbar!” Ina dariya, hawaye na zuba. Na ƙara miƙa wuya don in gani da kyau, wani huci ya taso ya lashe mini gemu ta gefe ɗaya. Badaro ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Uwa ta yi mini aski kyauta.

Na tashi na dubi takalmina. Ko gezau! Na yi rawa a bakin ramin, ina ganin tsoho sanye da shi a tsakiyar kasuwa, mahauta sun yi tsit.

Mun fara saukowa ke nan ƙasa ta girgiza. Badaro ya tsaya cak, ya rufe ido, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa yana murza yatsu a toka. Dariya ta bar fuskarsa. Ya ce, “Za ta yi tari yau. Mu sauka da wuri. Ta dama za mu bi, mu zagaya.”

Hanyar dama doguwa ce mai gargada. A gabanmu kuwa ga wani shimfiɗaɗɗen baƙin fili, sumul kamar daɓen ɗaki, ya miƙe har ƙasa. In sauri ake, ai ga hanya. Na ɗan taka gefensa, ban ji ko ɗumi ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, nan da sanyi!” na yi gaba.

“Mantau, tsaya!”

Sai ƙasa ta ce ƙaras. Ɓawo ne ashe, ƙarƙashinsa wuta. Ƙafafuna suka burma, ja ya bayyana ta tsagar, hayaƙi ya turnuƙe. Ban san lokacin da Badaro ya iso ba. Ya taka ɓawon nan da ƙafarsa tsirara, ya cafki ɗamarata, ya wurga ni gefe, shi ma ya faɗo a kaina.

Na duba ƙafafuna, lafiya lau. Wuta ta cinye hawa uku na takalmin, huɗu sun tsare ni. Na juya in gaya masa, sai na ga nasa. Ta dama ta saɓule, ta hagu ta tashi ƙuraje ruɗu-ruɗu. Ya ciji leɓe, gumi na karyo masa. Sama kuwa ta fara duhu, toka tana sauka a kanmu kamar yayyafi.

Ya ce, “Ba zan iya takawa ba. Ko na taka ba zan ji komai ba. Tafi, ɗan'uwa, ka bi dama, Allah ya fid da kai.”

Na ce, “Wallahi ba inda za ni.” Na tuɓe takalmin na zura masa. Ya ƙwalla ƙara da ta fi gurnanin dutsen. Takalmin da na ƙetare duniya da shi, ko shiga bai yi ba, sai ƙara yage masa fata da ya yi.

Na zauna dirshan a toka, na ɗauki ƙafarsa na ɗora a cinyata. Ban taɓa riƙe ƙafar mutum ba sai ran nan. Na wanke ta da ruwan salka, na bi ta da yatsuna a hankali. Ashe yatsunsa a baje suke kamar na agwagwa. Ashe tsakiyar tafin ba ta taɓa ƙasa. Ga wurin da ya ƙone, ga ɗan gefen diddige da ya tsira, nan kaɗai zai iya ɗora nauyi. Ta hagu kuma daban take da ta dama, ta fi ta faɗi. Ina taɓawa yana cewa, “Nan... a'a, ba nan ba... yauwa, nan.”

Na zaro wuƙa na farke takalmina da hannuna. Na ware ƙirgin ɓauna na yanka shi da faɗi, na rarake inda ƙunar za ta zauna don kada ta taɓa komai, na tsaga salka na shimfiɗa fatarta mai laushi a ciki, na yage rawanina na yi masa matashi. Basilla tana shiga tana fita, dutse yana jefo tsakuwa mai zafi kusa da mu. Abin da na ɗinka mummuna ne, ba ado ko ɗaya, ɗaya ma ya fi ɗaya girma. Na ɗaura masa. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya taka, ya sake takawa. Ya dube ni da mamaki, ya ce, “Kai, ɗan baduku! Kamar an ɗauke ni a hannu.”

Sannan ya dubi ƙafafuna tsirara ya ce, “To, yanzu kai ne kunnenmu. Shiga gaba.”

Na taka toka, na yi tsalle. “Zafi!”

“Wane iri? Mai cizo ko mai lasa?”

“Mai lasa.”

“Wannan zafin rana ne, wuce. In ka ji mai cizo daga ƙasa, ja da baya. In ka ji tana rawa kamar fatar ganga, ɓawo ne. In ta yi shiru da nauyi, taka da ƙarfinka.”

Haka muka yi ta saukowa, yana rataye a kafaɗata, yana tambaya ina amsawa. Da farko duk zafi ɗaya ne a wurina. Can sai ƙafata ta fara rarrabewa. Na ji inda ƙasa ke numfashi, na ji inda take kurum. A wani wuri na tsaya da kaina na ce, “Nan tana rawa.” Badaro ya jefa dutse, wurin ya burma, wuta ta leƙo. Ya buga bayana ya ce, “Ka ji ta!” Wani farin ciki ya kama ni wanda ya fi na bakin ramin. A bayanmu Uwa ta yi tarinta, ƙara kamar sama ta tsage, jan kogi ya gangaro ta kan filin nan sumul da na so mu bi. Muka ratsa Kwarin Barci kai a sama. Filin gilashi kuwa, kada ku tambaye ni. Na biya bashin duk cika bakin da na yi da safe, jini har idon sawu.

Mutanen Ɗumama suka tarye mu da kiɗa da guɗa. Suka yi cirko-cirko, don ba a taɓa ganin Sarkin Hawa ya sauko da takalmi, baƙo ƙafa a ƙasa ba. Na zauna a gidansa muna jinya tare har muka warke. Ranar da zan tafi ya ce in zaɓi abin da nake so a garin, amma ban da takalmin. “Wannan,” in ji shi, “ko Uwa ta roƙa ba zan ba ta ba.”

Na iso Gwalabe hannu rabbana, ba takalmi, ba shaida, gemu bai gama daidaita ba. Na tarar da tsoho a zaure, ya ƙara ramewa, takalmana suna nan jere a bango sun yi ƙura. Na gaishe shi, ya amsa. Ya ce, “Ina takalmin?”

Na ce, “Na farke shi, Baba. Na ɗinka wa wani.”

Idonsa yana kan ƙafafuna, yana bin tabon gilashi ɗaya bayan ɗaya. Na matsa kusa, na durƙusa, na ce, “Baba, ba ni ƙafarka.”

Ya miƙo ta hagu. Na ɗora ta a cinyata na bi ta da yatsu. A ƙarƙashin diddige na ji wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon dabino. Na ɗan danna, ya ja numfashi. Na ɗaga kai na dubi bangon nan. Duk takalmin da ke wurin, da ya sa shi, daidai nan zai soke shi.

Ya ce, “Ƙaya ce ta karye a ciki tun ina saurayi. Mahaifiyarka kaɗai ta san da ita. Sai kai yau.”

Na ɗinka masa na fatar akuya, ba rini ba ado, da ɗan rami a diddigen hagu. Ranar kasuwa ya sa shi, ya ɗauki sandarsa, ya ratsa ta rumfar mahauta a hankali, ni ina biye. Sarkin Fawa ya leƙo ya ce, “A'a, Arzika, yau an yi takalmi! Wane ne ya ɗinka maka wannan mummunan abu?”

Tsoho ya tsaya, ya buga ƙafarsa a ƙasa har ƙura ta tashi, ya ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji, ya ce, “Ɗana!”

Nan tafiyata ta tsaya, nan kuma labarina. Wanda bai gaskata ba, rumfata tana nan a bakin kasuwar Gwalabe. Ya zo ya ga tabon, ya kuma miƙo ƙafarsa.